Inda Na'ura Ba Ta Duba Ba

Har yau idan na ji wani ya ce wa wani, "Ai yana nan, kai ne dai ba ka iya dubawa ba," sai in ji zuciyata ta tashi kamar na tsinci ƙuda a cikin fura. Na taɓa faɗa wa wani dattijo wannan magana da bakina, a gaban mutane. Allah Ya yafe mini.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Ina aiki a wata ma'aikata da ke kan hanyar Kongo, kullum da safe in hau kekena daga gidanmu a Ƙofar Gayan in ratsa birni in fita. Aikin buga tafireta aka ɗauke ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai kwafar littattafai ne da alƙalamin kara da tawadar da yake haɗawa da kansa, kuma a gabansa na iya ajami tun kafin in san boko. A wurinsa na gaji ƙyamar harafin da ya karkace. Ina jin shi ya sa da aka kawo kwamfuta, aka ce a zaɓi masu tafireta uku a kai su ɗakinta, sunana ya fito a ciki.

Kwamfutar guda ɗaya ce, tana kusurwar da sanyin esi ya fi bugawa, amma an ja mata wayoyi zuwa tebura shida, kowane tebur da allon gilashi da madannan haruffa. Babu hoto a allon, baƙi ne da koren rubutu. Kowane ma'aikaci yana da sunan da yake shiga da shi da kalmarsa ta sirri. Ka rubuta mata umarni ta yi. Ka kuskure harafi ɗaya ta ce ba ta san zancen ba.

Mai kula da ita Injiniya muke kiransa. Ɗan birni ne kamar ni, unguwarsu ba ta da nisa da tamu, ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo, kuma sahu ɗaya muke sallar azahar. Ya san aikinsa, wannan ba zan tauye masa ba. Abin da ba ya so shi ne a tambaye shi abu sau biyu.

Sai kuma tsohon akawun rajista, wanda kowa ke kira Baba. Ya fi shekara talatin yana karɓar wasiƙu yana shigar da su littafi. Ka ce masa wasiƙar da wani ɗan kwangila daga Wusasa ya rubuto shekara huɗu da suka wuce, sai ya tashi ba tare da ya buɗa littafin ba ya zaro maka fayil ɗin. Aka fitar da takarda daga ofishin manya da ke saman bene cewa daga yanzu a kwamfuta za a riƙa shigar da wasiƙu. An ba 'yan rajista wata uku su koya, sannan a gwada su, wanda ya kasa a ɗauke shi daga teburinsa. Kowa ya san inda ake kai wanda aka ɗauke: sito na bayan gini, gadin karyayyun kujeru har ranar ritaya. Shekara biyu suka rage wa Baba. Ba ƙarin girma yake nema ba, so yake ya gama a kan teburin da ya tsufa a kai.

Ranar farko Injiniya ya tara mu ya ce na'urar tana da littafin bayanin kanta a cikinta. In kana son sanin yadda ake amfani da wani umarni, ka rubuta kalmar "man", ka bar fili, ka rubuta sunan umarnin, sai ta buɗe maka shafinsa.

Baba ya gyara tabarau ya ce, "Man me, Injiniya? Man gyaɗa ko man ja?"

Muka yi dariya. Da aka ba shi kujera ya gwada, sai ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa guda ya rubuta "man shanu". Na'ura ta amsa da layi ɗaya na Turanci, cewa ba ta da shafi a kan wannan.

Ya ce, "Ba laifinta ba ne. Ko a kasuwa ba kullum ake samu ba."

Matsalar ita ce shafukan da Turanci suke, kuma ba irin Turancin wasiƙa da Baba ya saba da shi ba. Ni kaina sai na karanta sau uku nake kama bakin zaren. Na ce wa Injiniya zan rubuta na Hausa, a kan umarnin da 'yan rajista ke bukata kawai: shigar da wasiƙa, gyara kuskure, neman tsohuwar wasiƙa, da makamantansu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in ina da lokacin. Ya buɗe mini folda tawa a cikin na'urar, ya nuna mini yadda ake tsara shafi, kuma a ranar ya yi mini wani bayani da na ji da kunne amma ban riƙe ba.

Ya ce idan an tambayi na'ura shafi, ba ta bin duk abin da ke cikinta tana lalube. Jeri take da shi na foldojin da za ta duba, ta fara daga ta farko ta gangaro, inda ta fara samu shi za ta nuna. Foldar da ba ta cikin jerin, ko da shafin yana kwance a ciki, cewa za ta yi babu. Na gane wannan nan take, don haka mahaifina yake. In aka kawo masa tambaya ba ya birkice ɗaki. Gafakar littattafan da ke rataye kusa da kansa yake fara saukewa, in bai samu ba ya sauko da ta biyu, sannan ya buɗe akwatin ƙarfe. Littattafan da mutane suka kawo ajiya suna can soron baya, ba ya kai musu hannu. In amsar tana can, to a ranar cewa zai yi bai gani ba.

Sai dai jerin na'urar iri biyu ne. Akwai babban jeri na kowa da kowa, yana cikin wani fayil da Injiniya kaɗai ke iya taɓawa. Sannan mutum yana iya samun nasa jerin na kansa, kuma in yana da shi, da zarar ya shiga da sunansa nasa za ta bi, ta ƙyale babban. Injiniya ya yi mini irin wannan a ranar, ya sa foldata a farko, domin in riƙa ganin abin da nake rubutawa kafin a buɗe wa jama'a. Na ce na gode, na kama aiki, na manta da maganar ɗungurungum.

Sati uku na yi ina rubutu a lokacin hutun rana. Shafi talatin da uku. Na sa musu sunaye na Hausa: shigar, gyara, nema, goge, buga. Kuma kowane shafi na buɗe shi da bisimilla, a layin farko, ƙarƙashin kanun da ake rubuta sunan shafin. Ban tsaya na yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya yi. Mahaifina ba ya karɓar rubutun da ba a buɗe da sunan Allah ba, guntulalle yake kiransa, ko da lissafin kwanakin wata ne. Da na gama, Injiniya ya ƙara foldata a babban jeri, kowa ya fara gani.

Kwana goman da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a ɗakin nan. Baba ya zaɓi teburin can jikin bango, ya ba mu baya, don ba ya so 'yan matan tafireta su ga yadda yake farautar haruffa. Amma ina jin sa yana karantawa ƙasa-ƙasa, yana cewa "to, to" kamar mai ɗaukar karatu. Ya shigar da wasiƙa ta farko shi kaɗai, ya juyo ya ce, "Ɗan Malam, ta karɓa."

Akwai wani abu da na'urar ke yi da ban kula da shi ba. Sau ɗaya a sati tana bin wannan babban jerin, folda bayan folda, ta ɗauki layin farko na kowane shafi ta tara su wuri ɗaya su zama fihirisa, domin wanda bai san sunan umarni ba ya nemo shi da kalma. Duk Litinin Injiniya yana buga fihirisar a doguwar takardar nan mai huji-huji a gefe, ya manna sabuwa a bayan ƙofa, ya cire tsohuwa ya jefa kwandon shara. In firinta ta tauna takarda ya sake bugawa, ta farkon ma kwando. Na'ura ba ta san bisimilla ba. Ita dai layin farko aka ce ta ɗauka.

Wata ranar Talata na fita bakin get na sayi ƙosai wurin matar da ke soyawa a can. Ta naɗe mini a takarda. Ina tafe ina warwarewa sai na ga hujin gefen, na gane tamu ce. Mai ya jiƙa ta har ana ganin yatsana ta baya. A jikinta, daga sama har ƙasa, layi bayan layi, bisimilla ce sau talatin da uku, kowace da sunan shafina a wutsiyarta, yaji ya manne a kan sunan Allah. Na tsaya cik. Na duba ƙasa, ga wata a cikin kwata an dunƙule ta, ga wata akuya na ja a gindin katanga. Da na koma ciki na bi ta bayan gini, na tarar da rabin wata a ƙofar banɗaki da sawun takalmi a kai. Ƙosan nan ban ci shi ba, kuma na yi wata da watanni ban iya cin ƙosai ba.

Na tsince duk wadda na gani, na roƙi matar ta ba ni sauran da masu shara suka kai mata, na cusa a aljihun riga. A gida na ƙona su na binne tokar a gindin bango, yadda muke yi da tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani. Amma kafin nan sai da na shiga wurin Injiniya. Na same shi yana ɓarar gyaɗa a kan tebur. Na shimfiɗa masa takardar mai maiƙo.

Ya duba ya ce, "Subhanallahi. Wallahi ban lura ba, Malam."

Na ce, "Don Allah kada wannan ya sake fitowa a takarda."

Ya ce, "An gama."

Ya karkaɗe hannu, ya juya ga allonsa, ya yi ɗan danne-danne da bai kai minti ɗaya ba, ya koma kan gyaɗarsa. Litinin ta zagayo na je bayan ƙofa na karanta sabuwar fihirisa daga farko har ƙarshe. Babu bisimilla ko ɗaya. Ban tsaya na lura cewa sunayen shafukan nawa ma babu su ba, abin da idona ke nema ke nan kawai. Na koma na yi masa godiya, har na yi wa iyayensa addu'a.

A satin ne Baba ya fara wasu tambayoyi.

"Ɗan Malam, shafin nan na gyaran kuskure, yaya ma ka ce sunansa?"

"Gyara, Baba."

"Gyara. To."

Washegari ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Anya yana nan kuwa?"

Na rubuta a teburina, shafi ya buɗe, na karkato masa allon. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ga shi kuwa. Hannun ne ya tsufa." Ya zaro ɗan littafin aljihunsa ya fara kwafa a tsaye, da ajami, don ya fi masa sauri. Bai kai rabi ba aka kawo mini aiki daga sama, na ce ya yi haƙuri. Ya roƙe ni in buga masa shafukan a takarda ya tafi da su gida. Na ce a'a. Abin da na gani a bakin get yana raina, na riga na yi wa kaina alkawari ba zan sake barin shafukan nan su hau takarda ba. Ya ce gaskiyata ce.

Sau ɗaya ya tambayi Injiniya. Daga inda yake zaune, ba tare da ya waiwayo ba, Injiniya ya ce, "Baba, ka duba haruffanka. Ko man shanun kake nema har yanzu?" 'Yan mata suka ƙyalƙyale. Baba ma ya yi dariya, bai sake tambayarsa ba. Sauran 'yan rajista biyu samari ne, sun riga sun haddace abin da suke bukata, ba wanda ya ƙara neman shafin Hausa balle ya ga babu.

Ni kuwa haƙurina ya fara ƙarewa. Na yi sati uku ina hana kaina hutu saboda mutumin nan, ga shi ya kasa rubuta kalma mai harafi biyar. Har a gida na ce wa mai ɗakina kan Baba ya rufe. Ana saura kwana biyu gwaji ya sake zuwa, a hankali, ya ce ya gwada da safe har sau uku. Ban ko tashi ba. Taku shida ne tsakanin teburina da nasa, na ƙirga daga baya. Na rubuta a nawa, na nuna masa da yatsa, na ce da murya har ɗakin ya ji, "Baba, yana nan. Kai ne dai ba ka iya dubawa ba."

Ya ce, "Haka ne, ɗan Malam. Allah Ya ba da haƙuri." Ya koma jikin bango.

Ranar Alhamis da hantsi mutum biyu suka sauko daga sama da takardunsu. Suka ce kowa zai shigar da wasiƙa uku, ya gyara kuskure a wata, ya nemo wata tsohuwa, kuma an yarda mutum ya duba shafin bayani in ya manta. Samarin suka gama suka fita. Baba ya shigar da wasiƙunsa uku ba kuskure, ina jin ƙarar madannan a hankali kamar ɗigon ruwa daga indararo. Da aka zo gyara sai na ji shiru. Sannan danne-danne kaɗan, sannan shiru. Haka har sau biyar. Daga nan ya ɗora hannuwansa a kan cinya ya zauna. Ɗaya daga cikin mutanen ya duba agogo ya rubuta wani abu, suka yi masa sannu suka hau sama.

Aka kira azahar. Baba ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita, bai rufe allonsa ba. Zan wuce ta wurin idona ya faɗa a kai. Layi biyar ne, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne "man gyara". Na bi su harafi-harafi yadda mahaifina ke bin kwafi da asali. Babu kuskure ko ɗaya. Ƙarƙashin kowanne kuma amsar nan ce, wadda ta ba shi ranar man shanu.

Na zauna a kujerarsa, da sauran ɗuminsa a jiki, na rubuta da hannuna. Ta ce babu. Na tashi na je nawa tebur na rubuta, shafi ya buɗe, bisimilla a sama. Na dawo nasa, babu. Na rubuta shigar, babu. Nema, babu. A nan ne maganar da Injiniya ya yi mini ranar da ya buɗe mini folda ta dawo mini, ta jeri biyu. Akwai umarnin da ke nuna jerin da na'ura ke bi wa wanda ke zaune. Na buga shi a wurin Baba, foldoji huɗu suka fito, tawa ba ta ciki. Na buga a wurina, ga ta a farko. Sati uku ina duba gafakar da ke rataye kusa da kaina, ina gaya wa dattijo bai iya dubawa ba.

Sallar nan na yi ta ne dai. Da aka sallame na tari Injiniya a wurin takalma.

Na ce, "Ranar da na kawo maka takardar nan, me ka yi?"

Ya ce, "Abin da ka ce. Ta sake fitowa?"

"Cire shafukan ka yi?"

"Ban cire ba. Suna nan, ko harafi ban taɓa ba. Layin foldarka na toshe a babban jeri. In ba ta duba can ba, ba za ta sa a fihirisa ba."

"In ba ta duba can ba, ai Baba ma ba zai gani ba."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Na ga abin ya shige shi, amma bai daɗe a fuskarsa ba. Ya ce, "To ai da sai ya faɗa."

"Ya faɗa. Ka ce ya duba haruffansa."

"Malam, abu goma Baba ke tambaya a rana."

Na ce, "Babu wata hanya ne sai wannan?"

Muka shiga ciki ya nuna mini. Ashe akwai wata 'yar alama da ake sawa a farkon layi a cikin shafi, sai na'ura ta tsallake layin: yana nan a rubuce, amma ba ta nuna shi a allo, ba ta sa shi a fihirisa, ba ta buga shi a takarda. Da na sa ta a gaban bisimillar, da shi ke nan. Shi kansa da alama mai irin wannan aiki ya toshe layin foldata. Ya goge ta a gabana da dannawa ɗaya, ya ce in gwada a teburin Baba. Shafin gyara ya buɗe.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini wannan tun ranar?"

Ya ce, "Ni in ce wa ɗan Malam ya taɓa bisimilla? Don gobe a ce a birni ɗan boko ya dawo daga Turai ya hana sunan Allah a ofis? Na zaɓi wadda ba rigima."

Ban taɓa jin ƙyamar kalma kamar yadda na ji ta "ba rigima" a ranar ba. Kuma ban iya yi masa faɗa yadda nake so ba, don duk abin da zan jefe shi da shi akwai irinsa a hannuna.

Na roƙe shi mu hau sama tare mu yi bayani. Ya ce zai duba, amma in na lura, in aka ce na'ura ce ta hana wani cin gwaji, gobe duk wanda ya faɗi ita zai ɗora wa. Na hau ni kaɗai. Babban jami'in ma'aikatar ya saurare ni da kyau, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce ya ji, amma shafukan Hausa ba sa cikin abin da ma'aikata ta tanada, taimako ne na ƙashin kaina, na Turanci kuwa suna nan ranar gwaji, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Ya ce kuma an riga an sa hannu a sakamako. Ranar Litinin takardar canjin wurin aikin Baba ta sauko cikin tarin abin bugawa, ta faɗo a kan teburina. Na duba ko zan tura wa ɗaya daga cikin 'yan matan, sai na ga wannan ma wata hanyar ce da ba rigima. Na buga ta da kaina.

Sai da na yi kwana uku kafin na iya zuwa sito. Na same shi ya share wani lungu ya shimfiɗa buzu, ya jera karyayyun kujerun nan bisa ga irin karayarsu, masu ƙafa uku gefe guda, marasa majingina gefe guda. Na durƙusa na gaishe shi. Na gaya masa komai, tun daga ƙosan har zuwa alamar da aka goge, ban rage nawa ba. Na ce taku shida ne, ban taka ba. Na nemi gafara.

Ya ja carbinsa, can ya ce, "Wato haruffan daidai na buga?"

Na ce, "Daidai, Baba."

"Duka biyar ɗin?"

"Duka biyar. Na bi su ɗaya-ɗaya."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni abin da ya tsaya mini ke nan. Na ce shekara talatin ina rubutu, a ce kalma guda ta gagare ni." Ya ɗan murmusa. "Ashe da na dage, da man shanun ma an samu. Ɓoye shi aka yi."

Na yi ƙoƙarin yin dariya ban iya ba. Ya ce in tashi in koma bakin aiki kada a neme ni, ya yafe, duniya da lahira. Na ce zan sake hawa sama. Ya ce kada in ɓata takalmina.

Na sake hawan, sau biyu, ba abin da ya canja. A siton nan ya ƙarasa shekara biyunsa. Wani lokaci samarin rajista in fayil ya ɓace musu sukan zagaya baya su tambaye shi, ya gaya musu kantar da layin ba tare da ya tashi daga buzunsa ba.

Shafuka talatin da ukun na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa wa kowace bisimilla alamar nan, na mayar da ita can saman shafi inda na'ura ba ta karantawa. Suka dawo cikin fihirisa da sunayensu, tsaf, kowa yana iya gani. Ban san ko wani ya ƙara buɗe su ba. Jerin nan nawa na kaina kuwa, a yammacin Alhamis ɗin gwajin na sa Injiniya ya goge shi ina tsaye. Ya ce zai rage mini sauƙin aiki. Na ce ya goge.